Santimita Bakwai a Ƙarƙashin Ruwa

Akwai wani malamin kimiyya a ƙauyenmu Tashbulak, a kudancin Kirgistan, sunansa Toktosun. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a makaranta ɗaya, da fensir maƙale a bayan kunne. Duk wanda bai haura arba'in da biyar ba a garin nan Agai yake ce masa, yadda muke kiran malamanmu maza.

In ya yi tambaya ka ce masa "bakwai", sai ya zamo da tabarau zuwa kan hanci, ya ɗaga gira ɗaya, ya ja murya:

"Bakwai meee? Bakwai awaki? Bakwai surukai?"

A wurinsa lamba ba ta zama amsa sai an rubuta ma'auninta, an ja mata layi biyu a ƙasa. Ko albasa zai sayo wa matarsa Anarkul, sai ya rubuta kilo biyu ya ja layi biyu.

Yana da ilimi, wannan ba mai musu. Damuwar ita ce shi ma ya sani.

Ruwan garinmu daga ƙanƙarar kan duwatsu yake narkowa. Yana bi ta wata magudanar siminti ya taru a tafki, daga nan a raba wa gidaje sittin da huɗu duk mako. Tun kakanni shugaban gari ake zaɓa, shi kuma ya naɗa mai rabon ruwa. Wanda ya fi yawan dangi shi ke cin zaɓe, danginsa kuma su ke fara sha.

Bara waccan ruwa ya yi ƙaranci. Kubat, mai rabon ruwa na lokacin, ya shayar da gonakin surukansa har kwaɗi suka tare a ciki, na wasu kuma suka tsage. Maƙwabta biyu suka fasa wa juna kai da shebur. Da kaka ta yi, Aksakal Osmonali, dattijon da ba a tsallake maganarsa, ya tara gari ya ce:

"Wannan tsarin ya tsufa, ya fi ni tsufa. Duk mai wata dabara ta yadda za mu riƙa tafiyar da garin nan, ya kawo ta kafin ƙanƙara ta narke."

Ranar Toktosun bai taka ƙasa ba sai da ya isa gida. Ashe shekara tara ke nan yana rubuta wani littafi mai baƙin bango, ya sa masa suna Mulkin Masana. Sashe ɗari da goma sha biyu. Ya ɗauko shi daga cikin akwati, ya hure ƙura, ya ce wa matarsa:

"Anarkul, lokaci ya yi."

Ta ce, "Na shayi? Ya wuce ma."

Sai dai ba shi kaɗai ya zo da takarda ranar taron ba. Akwai Begimai, 'yar wata bazawara mai kiwon tumaki. Tsohuwar ɗalibarsa ce, ta je birni ta karanta aikin injiniyan ruwa, ta dawo gida don jinyar ƙafar mahaifiyarta. Shafi uku ta riƙo, a naɗe kamar za ta kashe ƙuda.

A zauren makaranta aka yi taron. Toktosun ya fara. Ya ce jahilci ne ya kashe garin, don haka ba wanda zai yi magana a kan ruwa ko makiyaya ko hanya sai ya ci jarrabawar lissafi da ta kimiyya da ta kyawun hali. Yana sashe na arba'in aka fara jin minshari daga layin baya. Bai tsaya ba. Sai da ya kai ƙarshe.

Kubat ya ɗaga hannu kamar ɗan aji uku.

"Agai, wa zai shirya jarrabawar?"

"Ni."

"Wa zai duba?"

"Ni mana."

"To wa zai ci?"

Zaure ya ɗauka da dariya. Toktosun ya zauna yana goge tabarau, wai ƙura ce.

Begimai ta miƙe. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai da aka ce wa na baya su yi shiru. Ta ce daga yau a daina kintace, a auna. Za ta rataya wata 'yar na'ura a saman magudana, mai aiki da hasken rana, ta riƙa auna tsayin ruwan da ke shigowa. Daga wannan awon za a fitar da awannin kowane gida na mako. Awon da rabon da duk shawarar da aka yanke, komai zai shiga wayar kowa, ba abin da za a ɓoye.

Wata tsohuwa ta ce, "Ni wayata ba ta hoto ba ce."

"Za a liƙa a ƙofar shago, Inna, da manyan baƙaƙe."

"To wa zai zama shugaba?" in ji Kubat. "Na'urar?"

"Babu shugaba. Mutum biyar, namiji ko mace, duk shekara. Kuma ba zaɓe ba, ƙuri'a. Kowane gida ya rubuta lambarsa a ƙashin gwiwar tunkiya, irin wanda yara ke wasa da shi, a zuba a jaka, Aksakal ya zaro biyar."

"In ta faɗa kan mahaukaci fa?"

"Ba komai. Duk wanda ke cikin biyar ɗin, gonarsa ce ƙarshen shan ruwa. Ko mahaukaci ne zai so ruwan ya kai ƙarshen layi."

Sai aka ji Aksakal ya yi 'yar dariya a cikin gemu.

Begimai ta juya wajen malaminta, ta ɗan sunkuyar da kai.

"Akwai abin da ban yi tunaninsa ba sai yanzu da na ji daga Agai. Sashe na sittin da uku: wanda aikin gari ya faɗo wa ba shi da ikon ƙi. In ya yarda, a ƙara shi."

Aka tafa. Wasu suka waiwayo suna yi wa Toktosun murmushi. Shi kuwa abin da ya ji daban ne. Cikin ɗari da goma sha biyu, ɗaya ta ɗauka. Ɗaya tak, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Aksakal ya yanke hukunci. Za a gwada tsarin Begimai bazara ɗaya. In gona ta bushe saboda shi, a ajiye shi a ɗauko littafin Agai.

Bayan taro aka yanka rago. Kun san yadda muke, ƙashin da aka miƙo maka shi ke faɗin matsayinka. Aka ba Toktosun ƙashin cinya, wanda ya saba samu shekara da shekaru, ko tsoka ɗaya ba a rage masa ba. Amma Aksakal ya ɗauki ƙashin gindin wutsiya, na macen da ta fi kowa daraja a wurin, ya tsallake matan da suka yi jika, ya ajiye a gaban Begimai.

Toktosun bai ga nasa naman ba. Nata yake kallo har mai ya daskare a farantinsa.

A gida ya kasa zama.

"Yarinyar da na koya wa riƙe rula! Da hannun hagu take riƙewa, Anarkul, a karkace!"

"To ai ka gyara mata."

"Na taɓa ba ta maki biyu cikin biyar. Biyu! Littafin yana nan, in nuna miki?"

"Baban Cholpon, in ɗalibarka ta yi abin kirki, ba kai aka yaba ba?"

"Ni aka yaba? Kin ga ƙashin da aka ba ta?"

"Na mata ne. So kake a ba ka?"

Ya fice zuwa lambu. Can ne kawai yake samun sanyi. Itatuwan tuffa arba'in ya dasa shekara uku da suka wuce, da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, don su riƙe shi in ya ajiye alli. Kowace da lambarta a wuya. Yakan zagaya su yana gaishe su kamar mai kiran suna a aji.

Ranar ma ya zagaya, amma kansa na wurin na'urar Begimai.

Da ta zo kafa ta, har da shi a masu riƙe tsani. Yana ta "madalla, madalla", idonsa na auna faɗin magudanar. Ya gane abu ɗaya: na'urar saman ruwa take kallo, ba ta san abin da ke ƙasa ba. In aka shimfiɗa faffaɗan dutse a gindin magudanar, ruwan zai ɗaga, na'urar ta ɗauka ya ƙaru. Za ta raba abin da babu. Tafki zai ƙafe kafin mako ya ƙare, mutum biyar na ƙarshen layi su tashi da laka. Su da kansu za su yi kururuwar a kawo baƙin littafi.

Bai manta cewa shi ma ƙashinsa zai shiga jakar ba. Ya zauna ya lissafa: biyar cikin sittin da huɗu, bai kai kashi takwas cikin ɗari ba. Ya ja layi biyu.

Ran Asabar gari ya watse zuwa filin wasan dawakai, inda samari ke ƙwace akuya a guje. Toktosun ya ce cikinsa na murɗa. Rana na tsaka ya ja jakinsa zuwa bakin rafi, ya yi ta juya duwatsu har ya sami wani shafaffe, ruwan toka, kalar siminti sak. Ya sa rula. Don ya tabbatar, sai ya ga ya kamata ya sake lissafin, ga shi bai zo da takarda ba. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya yi a jikin dutsen.

Da ƙyar da nishi ya ɗora wa jaki. Ya kife dutsen a gindin magudana, rubutun na ƙasa. Ruwanmu na ƙanƙara fari ne kamar an zuba madara, ko hannunka ka tsoma ba ka gani. Dutse ya ɓace.

Ran Litinin aka yi ƙuri'a. Kafin a fara, Begimai ta sanar cewa ta ƙara kyamara a jikin na'urar. Duk wanda ya matso kusa, hotonsa zai shiga wayar kowa.

Toktosun ya gyaɗa kai. "Dabara mai kyau," in ji shi. A ransa yana cewa ta makara.

Aksakal ya kau da fuska ya zura hannu a jaka. Na farko, matar mai gyaran takalma. Na biyu, wani makiyayi da ya yi ta rantsuwa bai iya karatu ba. Na uku, na huɗu. Wanda aka zaro ƙarshe shi ne ƙarshen ƙarshe a layin ruwa. Aksakal ya zaro na biyar, ya nisanta shi da ido.

"Ashirin da tara."

Anarkul ta zunguri mijinta. "Gidanmu ne."

"Ba zai yiwu ba."

"Ga shi nan kuwa, da layi biyu a ƙasa."

Ya miƙe yana gyara kwala. "Aksakal, ina godiya, amma ga jarrabawar ɗalibai, ga ciwon baya..."

Kubat ya miƙe, ya zamo da tabaran da ba shi da shi zuwa kan hanci, ya ɗaga gira ɗaya.

"Sashe na sittin da ukuuu."

Har Aksakal sai da ya share hawaye.

Makon farko gari ya yi biki. Wayoyi suka ce ruwa ya wadata, kowa ya sami awanni fiye da yadda ya zata. Mata na tare Begimai a hanya suna cusa mata borsok, soyayyen ƙullin fulawa irin fanke, a aljihu. Ran Asabar tafki ya ja baya, 'yan majalisa huɗu suka sami rabin rabonsu. Ran Lahadi Toktosun ya buɗe ƙofar ruwansa, wani abu mai kauri ya gangaro, ya yi taku goma ya tsaya.

Kuna tsammani ya damu? Da murmushi ya je zaman majalisa.

"Kun gani? Shafi uku! Ko girkin miya ya fi shafi uku."

Mako na biyu, haka. Ganyen tuffa ya fara naɗewa. Anarkul ta shiga jido da bokiti daga famfon makaranta, tafiyar da ta kai rabin awa zuwa da dawowa. Bokiti nawa za a kai wa itace arba'in a tsakiyar watan Yuli?

"Baban Cholpon, je ka taimaki yarinyar nan ta gano abin da ya lalace. Kai ne masanin."

"Tsarinta ne. Ta gano."

"Itatuwanka ne ke mutuwa!"

"Ana gwaji, Anarkul. Gwaji sai da asara."

Ya faɗa da ƙarfin hali. Amma da ta shiga ɗaki, ya je ya tsuguna gaban lamba goma sha ɗaya, ya kankare ɓawonta da farce. Ba kore a ciki.

Nan ya fara tunanin ya je ya cire dutsen, ya bar wa yarinya nasararta, ya tsira da lambunsa. Da azahar ya nufi magudana kamar mai shan iska. Saura taku biyar, wayar aljihunsa ta yi ƙara. Ya duba, ga shi nan tsaye, baki buɗe. Kafin ya juya saƙon Kubat ya shigo inda kowa ke gani: "Agai, ɗan yi murmushi mana."

Washegari ya sake gwadawa, yana raɓe a bayan jakinsa. Hoton da ya fita na jaki ne mai ƙafa shida, da doguwar farar hula a gadon baya. Kwana uku ana tura shi gida gida.

Begimai kuwa ta rame. Masu cusa mata borsok suka koma kiranta Injiniya Laka. Ta kwance na'urar ta gwada a bokiti, lafiya lau. Ta sake lissafi sau ba adadi, daidai. Ba ta ɓoye ba, ta rubuta wa kowa: "Akwai kuskure, ban gano shi ba tukuna." A zaman majalisa ta dubi malaminta a gaban mutane.

"Agai, don Allah ka duba min. Wataƙila idonka ya ga abin da nawa bai gani ba."

Ya kalli silin. "Mai ƙashin wutsiya ba ta buƙatar mai ƙashin cinya."

Ba wanda ya gane me yake nufi sai Aksakal, wanda ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce an ba Begimai mako ɗaya. In ruwa bai kai ƙarshen layi ran Lahadi ba, an gama da tsarinta.

Abin da Toktosun ya yi fata ke nan. Ya dawo gida yana jiran ya ji daɗi, daɗin bai zo ba. Da ya leƙa lambu sai ya ga mata biyu da bokitai. Anarkul da Begimai. Ta naɗe hannun riga, tana zuba wa lamba ashirin da shida ruwa a hankali, tana tare shi da ƙasa kada ya gudu.

"Me kike yi a nan?"

"Tsarina ne ya jawo musu ƙishi, Agai. Na roƙi mahaifiyata ta bar muku awanninta na wannan makon, dankali ya fi itace haƙuri. Kafin ranar ta zo, ga bokiti."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya koma ɗaki ya zauna a kan akwatin baƙin littafi.

Ran Alhamis Begimai na cikin wannan jidon Anarkul ta ce mata, "Shi fa mutumin nan, ko zazzaɓi ya auna min sai ya sake taɓa goshina da hannu. Wai kada a yarda da awo ɗaya."

Begimai ta ajiye bokiti. Ta san maganar, duk mun san ta, a aji bakwai yake yin ta yana buga tebur: "Ka auna? To sake aunawa ta hanyar da ba ta san ta farko ba!"

Ta ruga gida ta ɗauko sanda da rula da sandar ƙarfe. A magudana ta tsoma sandar har ta taɓa ƙasa, ta zaro ta auna inda ya jiƙe. Ta dubi abin da na'ura ta ce. Bambancin santimita bakwai ne. Ta tuɓe takalmi ta shiga ruwan da ke sa haƙori kaɗawa, ta lalubo gefen wani abu da bai kamata ya kasance a wurin ba. Da sandar ƙarfe ta ɓanɓaro shi, ta jingina, ta juya.

Fensir ba ya wankuwa da sauƙi a jikin dutse, balle a kife. Ga lissafi layi huɗu, tsaf, kowace alamar daidai a ƙarƙashin 'yar'uwarta. A ƙarshe an rubuta santimita 7. An ja layi biyu.

Kyamara ta nuna wa gari Begimai a jiƙe, zaune a gefen wani dutse, ta dafe kai. Ba ta nuna rubutun ba. Ta tura saƙo: "An sami dutse a gindin magudana. An cire. Sauran bayani a taron Asabar."

Da la'asar ta turo baro har ƙofar gidan Toktosun, an rufe kayan ciki da ƙyallen da muke naɗe burodi in za mu ziyara. Anarkul ta fito da fara'a.

"Ke kuwa da wahalar da kai, wane irin burodi ne har da baro?"

Ta yaye ƙyallen. Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta juya ta dubi mijinta da ya fito da kofin shayi a hannu.

"Har a dutse, Baban Cholpon? Har a dutse sai ka ja layi biyu?"

Ya ajiye kofin a ƙasa.

"Mako biyu ina jido! Kafaɗata ta goge! Kana zaune kana ce min gwaji!"

Begimai ta bari sai da ta sauke, sannan ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Agai, na duba lissafin. Daidai yake, ko ɗigo ban samu ba. Na so in jefa shi a rafi in ce ruwa ne ya kawo shi. Amma ni na tsaya a gaban mutane na ce ba za a ɓoye komai ba. In na ɓoye wannan don kai malamina ne, mun koma zamanin surukan Kubat. Jibi dole a ga dutsen nan. Abin da nake roƙo, kada a ji daga bakina."

Ta bar baron a nan ta tafi.

Ran Asabar zaure ya cika har taga. Ana ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa Kubat ne, Kubat na rantsuwa da kabarin kakansa. Sai aka ji ƙarar tayar baro. Toktosun ne, da kwat ɗinsa ta ranar rufe makaranta. Ya tura har gaban allo, ya jingina dutsen, rubutu na kallon jama'a.

Ba a buƙaci bayani ba. Kashi biyu cikin uku na mutanen zauren sun sha ganin wannan rubutun da jan biro a littattafansu. Wata murya daga baya ta ce a hankali, "Bakwai meee?" Ba wanda ya yi dariya.

"Ni ne," in ji Toktosun. "Ni na sa."

Aksakal ya ce, "Me ya sa, Toktosun?"

Ya cire tabarau. Ba mu saba ganin fuskarsa ba tabarau ba, sai ta zama ƙarama.

"Tun tana shafi na biyu na gane nata ya fi nawa. Shekara tara ina neman yadda za a sami masu mulki nagari. Ita ta nemo yadda ko ba nagari ba ne dole su yi daidai. Ni ya kamata in fara tafa mata. Sai na ji kamar an shiga gidana an ɗauke wani abu, alhali ba abin da aka taɓa."

Matar mai gyaran takalma ta miƙe, ta ce rabin dankalinta ya tafi, wa zai biya ta da jawabi? Makiyayi ya ce a kore shi daga majalisa. Kubat, da ya sami kansa a wanke karon farko a rayuwa, ya ce a kore shi daga garin ma.

Majalisar ta yanke a gaban kowa: zai yi wa mutum huɗun nan aikin gona har a cire amfani, kuma baɗi ma lambunsa ne ƙarshen layi, ko ƙashinsa ya fito ko bai fito ba. Ya ce ya karɓa.

Sai Begimai ta ɗaga hannu.

"Ina da ƙari. Na'urata ta yi mako uku tana ƙarya ban sani ba. In mutum ɗaya ya iya, wani ma zai iya, kuma shi ba zai sa hannu a dutsen ba. Tsarin nan yana buƙatar wanda aikinsa shi ne ya yi ta neman hanyar cutarsa, in ya samu ya zo ya faɗa a toshe. Ban san wanda ya fi Agai iya wannan ba."

"Wato a ba shi lada?" in ji Kubat.

"Aiki ne, ba albashi."

Toktosun ya buɗe baki zai ce bai cancanta ba. Rabin zauren suka haɗa baki:

"Sashe na sittin da uku!"

Ran Lahadi ruwa ya kai ƙarshen layi. Kowa ya sami ƙasa da abin da ya saba a makonnin ƙarya, amma ya kai. Ya shiga lambun Toktosun ya zagaye itatuwa arba'in. Ashirin da uku suka sha. Goma sha bakwai sun riga sun tafi.

Da kaka, bayan an tabbatar da tsarin, aka sake yanka rago. Aksakal ya jawo kan ragon gabansa, ya yanki kunne. Kunne na yara ne, ana ba su don su riƙa jin magana. Ya miƙa wa Toktosun, mai shekara hamsin da takwas, a gaban tsofaffin ɗalibansa.

Toktosun ya karɓa da hannu biyu, ya tauna, ana jin ƙarar guringuntsi har bakin ƙofa. Ya haɗiye.

Sannan Aksakal ya ciro ido ɗaya, ya raba biyu, yadda ake yi wa mutanen da ake so su ci gaba da ganin juna. Rabi ga Toktosun, rabi ga Begimai.

Busassun itatuwan nan goma sha bakwai suna nan tsaye da lambobinsu, ya hana a sare. Dutsen kuma yana jingine a gefen magudana, rubutu a sama. Kusan duk wata sai wayoyinmu sun yi ƙara, mu ga Agai a gaban kyamara da wata sabuwar dabara, ya gyara hula, har da ɗan murmushi. Sau biyar ya kama ɓaraka, sau biyar an toshe.

Ba zan ce muku ya warke sarai ba. In baƙo ya yaba tsarin Begimai, yakan zamo da tabarau ya ce, "Shafi uku ta kawo. Yanzu huɗu ne." Sai ya jira a tambaye shi wa ya rubuta na huɗun.

Darasi: Hassada ba ta buƙatar a rage maka komai, ya ishe ta ta ga an ƙara wa wani. Toktosun ya auna faɗin magudana da kaurin dutse, bai auna abin da ke cin zuciyarsa ba, kuma lambunsa ne ya fara biya. In wanda ka koyar ya wuce ka, aikinka ne ya yi kyau, ka tafa masa. In kuma kai ne aka cuta, ka tsaya a kan gaskiya ba tare da ka wulaƙanta mutum ba, kamar yadda Begimai ta yi. Duk wani tsarin shugabanci, komai na'urar da aka sa masa, sai ya yi aiki ne in masu rabo sun san su ma za su sha daga ƙarshen layi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai. In kuwa kuna karantawa wani ya faɗo muku a rai, ku fara duba ko ba ku ba ne.